Idon Bappanku Arzika

Da Allah zai ba ni dama in koma baya in warware abu ɗaya daga cikin abin da hannuna ya aikata, ba zan tsaya zaɓe ba. Zan koma wata ranar Alhamis da hantsi a rumfarmu ta Tudun Wada, in ajiye sandar waldar da na ɗauka, in ce wa mai mota ya yi haƙuri ya dawo wani mako. In ba a ba ni wannan ba, to a ba ni ranar da mutane suka taru a bakin rumfar nan, in buɗe bakina. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa Bappanku Arzika ya bar walda ne don wuta ta cinye masa ido. A unguwa haka ake faɗa, a tasha haka ake faɗa, ni ma na sha faɗa muku haka da bakina. To, ba haka aka yi ba. Na tsufa, hannuna ya fara rawa, ba na son in tafi in bar muku wannan magana a karkace.

Ni da Arzika uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ya girme ni sosai, har baƙo kan ɗauka shi ya haife ni. Mahaifinmu maƙeri ne, ya rasu ina ƙarami, Arzika ya riƙe ni. Shi ya sa ni makaranta, shi kuma ya ɗauke ni zuwa rumfa da ya ga na fi son zama gindin wuta da zaman aji. Shi ya yi mini aure. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, yau matarsa Inna Ige ta yi girki, gobe mahaifiyarku. Waɗanda suka riske shi a cikinku za su tuna mutum ne dogo marar jiki, mai magana ƙasa-ƙasa, in yana dariya kafaɗunsa kawai ke motsi, ba ka jin sauti. Surutun gidan duka Inna Ige ta ɗauke masa. Ni ne abokin wasanta, kamar yadda aka saba tsakanin matar wa da ƙanen miji. Ba ta kirana Modi, sai Sarkin Sauri, wai ko tuwo nake ci kamar an biyo ni da sanda. In na rama na ce miyarta ba gishiri, sai ta ce ai ban bar ta ta zauna a harshe ba balle in ji.

A shekarun da nake ba ku labari soja ke mulki, kuɗin mai kuma sun shigo ƙasa. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariya, wato kuɗin watannin baya, sai ga akawun da jiya yake kan keke yau ya hau babur, mai babur ya sayi mota. Arkilla da kuke gani cike da gidaje, a lokacin gonakin gero ne, an dai fara auna filaye. Manyan motoci na ta shigowa da siminti da rodi. Mu masu walda ko lokacin cin abinci ba mu da shi. Abin da ya fi kawo mana motoci shi ne manifol. Ga wanda bai sani ba a cikinku, shi ne ƙarfen nan mai rassa da ke manne a jikin inji, yana tattara hayaƙi daga kowace kafa ya zuba shi cikin salansa. Duk mota babu abin da ya kai shi shan zafi. Na kamfani da baƙin ƙarfen zubi ake yin sa, in ya yi jajir direba ya faɗa ruwa da damina, sai ya tsage. Ka like shi yau, jibi ya buɗe a gefe. Sabo kuma sai an jira jirgin ruwa, jiragen kuwa an ce sun yi cunkoso a Ikko.

Arzika ya taɓa yin 'yan watanni yana aiki da wani kamfanin gine-gine da ke shimfiɗa bututu can wajen Kwalkwalawa, inda aka fara ginin jami'a. A can ya zauna da wani baƙon mai walda daga ƙetare. Baƙon ba ya jin Hausa, Arzika ba ya jin yarensa, da hannu da ido suka yi karatunsu. A wurinsa ya koyi aikin farin ƙarfen nan marar tsatsa da muke kira silba, ko da yake ba azurfa ba ne. Da ya dawo rumfa sai ya riƙa sayen guntayen bututun da kamfani ya yanke ya yar, yana lanƙwasa su yana haɗa sabon manifol da su. Ba a daɗe ba labari ya zaga tasha, wai na Arzika ba ya tsatsa, ba ya tsagewa. Daga Argungu ake zuwa, daga Illela, har daga Ƙonni.

Farin ƙarfe ba halinsu ɗaya da baƙi ba. Baƙin ƙarfe mai haƙuri ne, ka buɗe masa wuta ka zuba, ya ɗauka. Fari kuwa ba ya raba zafi, inda ka ɗora masa wuta nan yake riƙe ta, sai ya murɗe ko ya ƙone. Shi ya sa Arzika kan ɗaure fuskar manifol da noti a jikin wani mataccen kan inji kafin ya fara, don kada ta karkace. Ya rage wa injin walda wuta. Ya ɗiga nan, ya juya ya ɗiga can gefen, har bakin bututun ya zauna daidai. Sa'an nan ya ja ɗan gajeren ɗinki, ya tsaya, ya bar shi ya huce har ya iya ɗora tafin hannunsa, kana ya ci gaba daga ɗaya gefen. Ruwa kuwa ba a kusantar da shi ko kaɗan. In ya gama ya ɓare ɓawon da walda ke bari a kan ɗinki, launi yake dubawa. In ɗinkin ya fito ruwan zuma, ya yi. In ya yi shuɗi, wuta ta so ta yi yawa. In ya yi toka-toka, ya ƙone, sai a yanke a sake. Ɗinkin Arzika in ka gan shi kamar kitson amarya, kowane layi kwance a kan ɗan'uwansa. Sandar silba kuma daban take, ba a haɗa farin ƙarfe da baƙar sandar da muke like ƙofa da gado da ita. Yana da wani ɗan mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar rediyo, kullum yana aljihunsa. Duk bututun da aka kawo sai ya manna masa. In ya kama, ba silba ba ne. In ya zame ya faɗi, shi ne.

Amma abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne wanki. Kafin wuta ta taɓa bututu sai an wanke bakinsa da sabulu, an cire maiƙo, an shanya, an bi shi da buroshin waya wanda bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba. Buroshin nan da magagarinsa suna cikin wata jakar fata rataye a ƙuryar rumfa, ba a ara wa kowa. Ya ce garin baƙin ƙarfe in ya shiga ɗinki, daga nan tsatsa ke farawa. Wannan wanki shi yake kira alwala. Duk sa'ad da na ɗauki sanda sai in ji muryarsa a bayana:

"Modi, ka yi mai alwala?"

In na ce ai bututun tas yake, ga shi yana ƙyalli, sai ya ce:

"Kai ma tas kake, amma ba ka kabbara salla sai ka taɓa ruwa."

Ni kuwa a lokacin jinina tafasa yake. Hannuna ya faɗa, na fi shi sauri, abin da zai kwana yana lallaɓawa ni kafin la'asar na gama. Matasan direbobi suka fara cewa in kana son ka tafi yau ka nemi Modi. Maganar ta hau mini kai. A raina ina ganin alwalar nan tsufa ce kawai da tsoro. Kuma a shekarar aka haife ka, Bello, ina jin na zama magidanci, bai kamata a riƙa tsaya mini a ka ba.

Sai sandunan silba suka ƙare. A Sakkwato ba mai sayar da su, sai Kano, Arzika kuma ba ya aike, don an taɓa kawo masa na jabu. Ya shirya ya tafi da kansa. Akwai manifol ɗaya ɗaure a kan inji, saura haɗin ƙarshe, wato inda rassan ke taruwa su shiga bututun salansa. Na Nomau ne, wani direban a-kori-kura mutumin Kwalkwalawa, mai jigilar albasa da shinkafa, mutum mai fara'a da yawan barkwanci. Arzika ya riga ya rataya jaka, ya juyo ya nuna manifol ɗin da haɓa, ya ce kada in taɓa shi sai ya dawo, in Nomau ya zo in ba shi haƙuri. Na ce to.

Ranar Alhamis Nomau ya zo. Albasa ta fito, an cika buhuna a bakin fadama, manoma na jiransa, ga motarsa a kwance. Na gaya masa babu sanda. Ya zauna a benci ya yi ta magiya, da ya ga magiya ba ta ci ba sai ya koma zolaya. Ya ce ashe abin da ake faɗa a tasha ba gaskiya ba ne, ashe in Arzika ba ya nan Modi ko kwano ba ya iya likewa. Ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Bari in tahi in jira mai rumhwa," in ji shi. "Yaro ba shi da laihi."

Da wasa ya faɗa, yana dariya. Ni ne ban ɗauke ta wasa ba. Na ce ya je ya yi azahar ya dawo ya ɗauki kayansa. Yana juya baya na ɗauko baƙar sanda. Ban wanke ba. Na kai hannu ga buroshin da ke kusa, wanda na gama goge ƙafar gado da shi. Na buɗe wuta, na zagaye haɗin nan a ja ɗaya ban tsaya ba, na kwara masa ruwan buta don ya yi saurin hucewa. Na ji ya yi wata 'yar ƙara siririya, kamar an taka busasshen kara, na yi kamar ban ji ba. Ɗinkin ya fito baƙi, mummuna, a tsakiyar farin ƙarfe. Sai na ɗauko fentin silba da muke shafa wa ƙofofi na bi shi da shi. Wannan fentin shi ya fi damuna har yau. Sandar, a iya cewa kuskuren mai gaggawa ne. Fentin kuwa, wanda ya san abin da ya yi ne ke shafa shi.

Da yamma mahaifiyarku ta karɓi rigar aikina za ta jiƙa, ta ga fenti a bakin hannun. Ta san ba mu da aikin ƙofa a makon, don duk hirar rumfa a gabanta ake yi wajen cin tuwo. Ta tambaye ni, na ce ta bar shiga abin da ba nata ba. Ta wanke rigar, fentin bai fita ba, na jefa ta ƙarƙashin gado. Da Arzika ya dawo da sanduna ya ga kan injin ba kome, na ce masa na sami ragowar sanda a ƙasan akwati na ƙarasa. Ya tambaye ni ko na yi masa alwala, na ce na yi. Ya ce madalla. Bayan haka motar Nomau ta sha wucewa ta ƙofar rumfa yana ɗaga mana hannu, Arzika bai taɓa tsayar da shi ya leƙa ba. Ya yarda da ni.

Ba a daɗe ba haɗin ya buɗe. Tsagar tana ƙasa inda ido ba ya kaiwa, kuma daidai wurin ƙasan motar Nomau ya ɓule, a gindin ƙafar direba. Lokacin sanyi ne, yana tafiya da gilashi a rufe. Hayaƙin inji in ya taru a rufaffen wuri ba ya sallama, ciwon kai yake fara sa mutum, sai kasala, sai barci. Nomau ya yi kwanaki yana shan magani yana cewa shawara ce ke damunsa. Ran nan da rana tsaka a hanyar Argungu barci ya ɗauke shi a kan sitiyari, motar ta bar titi ta kife a gonar wani. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Amma hannunsa na dama ya karye, kuma har ya koma ga Allah hannun bai ƙara miƙewa daidai ba.

Da ya ɗan sami sauƙi suka zo, shi da shugaban direbobin tasharsu da wasu direbobi. Bakaniken da ya duba motar ya kwance manifol ɗin, suka kawo shi a buhu suka juye a gaban rumfa. Maƙwabta suka taru, masu faci, masu fenti, har mai shayi. Ga rassa farare suna ƙyalli, ga haɗin ƙarshe ya tsage, ya yi ja da tsatsa. Shugaban ya ce su ba faɗa ya kawo su ba, amma an ce musu ƙarfen nan ba ya tsatsa, ga shi ya kusa kashe musu mutum. Suna son su san aikin wane ne, don su san inda za su riƙa kai motocinsu da inda ba za su kai ba. Aka tambayi Nomau, yana tsaye da hannu a rataye. Ya ce shi dai ya san Arzika ya fara, Modi ya ƙarasa, amma bai san wurin da kowa ya taɓa ba. Idanu suka juyo kaina.

Arzika ya tsuguna ya ɗauki ƙarfen. Ya bi ɗinkin da babban yatsa. Ya kankare ragowar fentin da zafi bai gama cinyewa ba, ya duba farcensa. Na ga hannunsa ya shiga aljihun da mayen ƙarfe yake, ya daɗe a ciki, ya fito ba kome. Bai dube ni ba. Ya miƙe ya ce:

"Laihin idona na. Ku yi haƙuri. Nomau, ka yahe man."

Sai wani dattijo mai faci, maƙwabcinmu, ya ce assha, dama wutar walda ba ta barin ido, ya ga yadda ta yi wa wane da wane. Kowa ya san haka ne, don duk mai walda ya taɓa kwana da ido kamar an zuba masa yashi. Nan take magana ta juya, fushi ya koma tausayi. Shugaban ya ce to Malam Arzika, tun da abin ya zo da haka ai sai ka huta ka bar wa yaro, ga Modi idonsa garau. Arzika ya ce haka za a yi. Ina tsaye riƙe da guduma. Da na ce ni ne, da shi ke nan. Ban ce ba. Na ji tsoron a kira ni maha'inci, sunan da in ya kama mai sana'a a garin nan ba ya sakinsa. Har shugaban ya dafa kafaɗata ya ce in riƙe amanar yayana, na ce in Allah ya so.

Da kowa ya watse ya kira ni ƙuryar rumfa. Ya ɗora manifol ɗin a benci, ya ciro mayen ƙarfe ya manna a reshe, ya zame ya faɗi. Ya ɗauka ya manna a haɗin, ya kama ƙam. Muka tsaya muna kallonsa. Na fashe da kuka, na ce yanzu zan bi su tasha in faɗi gaskiya. Allah kaɗai ya san ko da zan je, ni dai na faɗa. Ya ce in zauna.

"In anka ce idon tsoho ya mutu, sai a koma ga ƙanenai. In anka ce ƙanenai na shahwa hwenti bisa ƙarya, rumhwa ta mutu, da ni da kai. Ga mata ga ɗiya cikin gida. Wa za shi ci da su?"

Na ce amma ga shi ya yi ƙarya saboda ni, shi da ban taɓa jin ya yi ba. Ya girgiza kai.

"Ban yi ƙarya ba. Sau nawa motar ga ta wuce nan ban duƙa na duba ba? Idona bai yi aikinai ba. Abin da sunka ji, su sunka ji shi. Tashi ka ɗauko sabulu."

A ranar muka fara haɗa wa Nomau wani sabo. Ni na riƙe sanda, shi yana zaune a bayana. Na wanke, na goge da buroshin jakar fata, na ɗiga, na jira. Jiran nan ya fi kome yi mini wuya, ina zaune da tafin hannu a kusa da ƙarfe, ba abin yi sai tunani. Da na ɓare ɓawon haɗin ƙarshe ya fito ruwan zuma. Ya duƙa ya duba ya daɗe, ya ce ashe na iya, kafaɗunsa suka ɗan motsa.

Daga nan bai ƙara riƙe sanda a gaban mutane ba, rumfa kuma a buɗe take, don haka bai ƙara riƙewa ba ke nan. Dattijon nan mai faci ya sayo masa baƙin tabarau kyauta, ya karɓa ya yi godiya, ya riƙa sawa don kada mutumin ya ji ba daɗi. Yana zaune a benci yana karɓar baƙi, yana hira da direbobi. Ba ya duba aikina sai an watse, da kunne yake bin sa. In wuta ta yi yawa daga ƙararta yake ganewa, sai in ji ya yi gyaran murya, in rage. Ku sani mutumin nan yana son walda yadda manomi ke son gonar gado. Na sha ganin yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa lokacin da nake jan ɗinki, suna bin hannuna. Yana da sauran shekaru masu yawa na aiki a jikinsa. Ni na karɓe su, kuma da su na gina sunan da kuka tashi kuka ji ana yabo.

A gida ba wanda ya ta da maganar. Amma rigar nan mai fenti da na jefa ƙarƙashin gado, sai na same ta a ninke a kan akwatina. Na mayar da ita, na sake samunta a wurin. Mahaifiyarku ke nan, Allah ya jiƙanta, ba ta faɗa da baki. Inna Ige kuwa ta daina kirana Sarkin Sauri. Ta koma ce mini Malam Modi, ta gaishe ni da ladabi kamar baƙo, ta ajiye mini tuwo ta juya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Haka muka zauna sai da aka haife ki, Luba. Ranar suna Inna Ige ta gan ni ina kai da kawowa da kwanukan waina, ta manta, ta ce Sarkin Sauri a yi sannu kada a zubar. Muka dubi juna. Ta share ido da bakin zane ta shige ɗaki. Ban taɓa jin daɗin tsokana irin na ranar ba.

Manyan cikinku za ku tuna duban wata. In Sha'aban ya zo ƙarshe, rana na faɗuwa duk unguwa kan fito filin bayan masallaci ana duban yamma. Da can Arzika ke fara gani, an san shi da haka, har liman kan ce a jira ya iso. Bayan abin nan ba mai tambayarsa. Yakan tsaya can baya da tabarau a hannu, ya ɗora ɗayanku a kafaɗa. Kai Bello, ka tuna shekarar da ka nuna wata kafin kowa, aka yi ta ɗaga ka ana sa maka albarka, ka yi ta ba mutane labari har bayan salla? Ina tsaye kusa da ku. Na ji lokacin da ya raɗa maka:

"Duba bisa giginyar can, hannun dama kaɗan. Kak ka ce ni nig gwada ma."

Shi ne kuma mai cire muku ƙaya a ƙafa, shi ke zura wa Inna Ige zare a allura. Kuna yara, ba ku taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Na nemi gafararsa kafin ya rasu, ba sau ɗaya ba. Kullum sai ya ce shi ya yafe tun a rumfa, amma hannun Nomau ba nasa ba ne balle ya yafe. Na yi ta cewa gobe. Sai bayan mun binne shi na iya zuwa Kwalkwalawa. Na sami Nomau ya bar tuƙi, yana zaune a bakin gonar albasa da karkataccen hannunsa. Na faɗa masa kome, har fentin. Ya dubi hannun nasa. Sa'an nan ya ce shi ma da bakinsa a ciki, don shi ya tunzura ni, hannu kuma ya riga ya saba da yadda yake. Ya yafe. Har na miƙe zan tafi, ya ce:

"Nawa ya wuce. Na Arzika hwa? Gaban jama'a anka ce idonai ya mutu. Can za ka mai da mai abinai."

Na ce zan yi. Na je tasha, na tarar waɗanda suka tsaya a ranar wasu sun mutu, wasu sun watse, yaran da ke wurin ba su ma san wane ne Arzika ba. Na yi ta jinkiri har na rasa waɗanda zan faɗa wa. Ku kaɗai kuka rage, ku da 'yan'uwanku na ɗakin Inna Ige, waɗanda suka tashi suna ja wa mahaifinsu hannu a bakin titi alhali ya fi su gani. Ina son a karanta wannan kuna tare, kada a ɓoye musu ko layi ɗaya. Su ma ina neman gafararsu.

Ga abin da nake roƙonku. In aiki ya ɓaci a hannunku, ko wane iri ne, ku bar shi baƙi yadda ya fito a gan shi, kada ku shafa masa fenti. In an taru ana tambayar wa ya yi, ku amsa tun wani mai ƙaunarku bai riga ku ba, don in ya riga ku, da wuya ku iya karɓo maganar daga bakinsa. Kuma duk inda kuka ji an ce Arzika mai walda ido ne ya zaunar da shi, ko a bakin jikoki ne, kada ku yi shiru irin nawa. Ku ce a'a. Ku ce har ya koma ga Allah, shi ke fara ganin wata a Tudun Wada.